Magana Jari Ce A Majigin Zane: Me Ya Hana Zariya?

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu tura finafinai a waya cikin Sabon Garin Zariya zai ga irin cinikin da katun ke yi, wato majigin zane mai motsi na yara. Da dama daga cikinsu tsofaffin littattafai ne na Turai aka mayar zane. Pinocchio littafin Italiya ne na 1883, kamfanin Disney ya zana shi a 1940. Heidi kuwa, labarin wata yarinya a duwatsun Suwizalan, mutanen Japan suka yi masa kashi 52 a 1974, har ya zagaya duniya.

Abin lura a nan shi ne, Zariya ba ta rasa irin wannan jari ba. A nan ne Rupert East ya shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A nan kuma aka fitar da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku, daga 1937 zuwa 1939. Littafin da aku ke ba ɗan sarki labari dare bayan dare ai kamar dama don kashi-kashi aka tsara shi. Masu zane ma ga su nan a Samaru, domin tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

To, ina gizo ke saƙar? Na farko aiki ne mai cin kuɗi. Katun na hannu yakan buƙaci zane 12 a kowace daƙiƙa, wato 7,200 a minti goma. Kwamfuta ta rage wahalar, amma ba ta biyan masu zane albashi. Sai kuma haƙƙin mallaka: Imam ya rasu a 1981, dokar Nijeriya kuwa ta tsare aikin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan sai da izinin masu haƙƙi, har ƙarshen 2051.

Amma babbar matsalar ita ce harshe. Daɗin rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja yana cikin zance ne, cikin gatse da baƙar magana. Mai katun yana son gudu da faɗuwa da dariya, kuma abin da zai fara yankewa shi ne maganar. Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim a 1976, amma wannan da mutane aka yi shi, kuma don manya. Na yara sai an zaunar da malaman Hausa da na zane a tebur ɗaya tun kafin a ja layin farko, dukansu kuwa suna cikin harabar Samaru.