Ihu Bayan Hari: Raddi Ga Masu Cewa Linkin Park Sun Sayar Da Kansu

Mai karatu ka yi mini haƙuri, yau ba labari na zo da shi ba, faɗa na zo yi, kuma da mutanen da muke son abu guda da su.

A watan Yuni na 2017, a garin Clisson na ƙasar Faransa, wurin bikin kiɗan metal da ake kira Hellfest, ƙungiyar Linkin Park ta Amurka ta hau dandamali. Da suka ɗauko sabuwar waƙarsu mai suna "Heavy", wadda sunanta ke nufin nauyi amma kiɗanta sakayau yake, sai wasu 'yan kallo suka ɓarke da ihun tozarci, wani ma ya jefo wa mawaƙinsu Chester Bennington abu daga cikin taro. Laifinsu? Wai sun ajiye ƙarar jita da kururuwar da aka san su da ita, sun koma waƙa mai laushi don gidajen rediyo su riƙa sa su. Wai sun sayar da kansu. Har yau ina cin karo da masu wannan magana, kuma na gaji da yin shiru.

Tambayata ta farko gare su ita ce, ku a ina kuka san Linkin Park? A kogon dutse? Faifansu na farko, Hybrid Theory, ya fito a watan Oktoba na 2000, shi ne ya fi kowane faifai ciniki a Amurka a 2001, daga baya ya haura kwafi miliyan 10 a can kaɗai. Waƙar "In the End" ta kai mataki na 2 a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe. Ka zauna ka saurare ta da kunnen basira: fiyano ya buɗe, Mike Shinoda ya jero baitocinsa, sannan amshi ya zo wanda ko yaro ya ji sau biyu ya haddace, duka cikin minti uku da rabi, kuma babu ashar ko ɗaya a faifan baki ɗayansa. Wannan ai ɗinkin rediyo ne tun daga yanka. A lokacin ma tsofaffin masoya metal dariya suke musu, suna cewa samari ne da kamfani ya haɗa don kasuwa. To yaran da aka yi wa waccan dariya su ne suka girma suka zama masu gadin ƙofa. Laifi tudu ne.

Ni kaina ta ƙofar kasuwa na shigo, ba zan ɓoye ba. Wani abokina ne ya ba ni faifan CD da aka cusa wa waƙoƙi barkatai, a ciki na ji wadda suka haɗa da Jay-Z a 2004, daga nan na bi sawu. Da sun tsaya inda masu tsattsauran ra'ayi ke so su tsaya, da ban taɓa jin sunansu ba.

Ƙorafin ya soma ne a 2007, da suka fitar da Minutes to Midnight tare da furodusa Rick Rubin. An rage baitocin Mike, an rage ƙarzar faifai ta Joe Hahn, waƙar "What I've Done" ta shiga fim ɗin Transformers, sai aka ce shi ke nan sun yi sanyi. Abin dariya, a wannan faifan ne Chester ya ja kururuwa ta kusan daƙiƙa 17 a numfashi guda cikin "Given Up", kuma shi ne kundinsu na farko da ashar a ciki. Amma bari mu bar wannan. A 2014 sun yi abin da ake ta roƙo, suka fitar da The Hunting Party, jita da ganguna kamar a rushe gida, suka gayyato Tom Morello da Daron Malakian na System of a Down. Me ya faru? Kundi huɗu da suka gabace shi duk a mataki na 1 suka fara a Amurka, shi kuwa a na 3 ya tsaya. Ina masu son nauyin suka shiga a ranar? Na san wani zai ce, ka gani, shi ya sa suka gudu wurin kuɗi. A'a malam. In kuɗi ne, hanyar da ba ta da ƙaya ita ce su yi ta maimaita Hybrid Theory har tsufa, suna yawon duniya da shi, ba wanda zai jefe su da ko tsinke. Wanda ke neman kuɗi ido rufe ba ya tsokano mutanen da suka saba sayen tikitinsa.

Kada a ɗauka ina cewa One More Light, kundin nan na 2017, ya burge ni. Bai burge ni ba. Waƙa 10 ne, fiye da rabinsu ina tsallakewa. Sun jawo marubutan waje irin su Julia Michaels da Justin Tranter, waɗanda suka rubuta wa Justin Bieber, sai ga shi wasu waƙoƙin in ka cire muryar Chester ka sa ta kowa, babu mai ganewa. Jitar Brad Delson sai ka kasa kunne kafin ka tsinto ta. Wannan suka ce ta aiki, kuma ina nan a kanta. Amma cewa miya ba ta ji gishiri ba daban, cewa mai girkin ta sace kuɗin cefane daban. Na farko ra'ayi ne, na biyu ƙazafi ne, kuma shi masu jifa suka zaɓa.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Chester yana da shekara 24 sa'ad da Hybrid Theory ya fito, yana da 41 a 2017, uba mai 'ya'ya shida. Da bakinsa ya sha faɗa cewa an ci zarafinsa yana yaro, kuma ya yi fama da giya da ƙwaya. Waccan kururuwa da muke jin daɗinta a kunne ba ado ba ce, daga miki take fitowa. Wanda ya nace sai ya ci gaba da yin ta yadda ya yi ta a 2000, cewa yake yi kada mikin ya warke, don shi ya samu abin kaɗa kai a mota. Kuma fa ko a kundin da aka ƙi, maganar ba ta sauya ba. "Heavy" a kan nauyin da ke cikin kan mutum take, tunanin da ya hana shi sakat, daidai da abin da "Crawling" ta ƙunsa, wadda ta ci musu kyautar Grammy a 2002. Mutumin ya faɗi abu guda sau biyu, da ƙarfi da kuma a hankali. Da ya faɗa a hankali sai aka ce ba shi ba ne. Ashe tun farko jita muke saurara, ba shi ba.

Shi ma ya yi nasa kuskuren, gaskiya ɗaya ce. Ya fusata a hira da 'yan jarida, ya maida martani da zafi har da barazanar naushi, sai da Corey Taylor na Slipknot ya ja hankalinsa a bainar jama'a, shi kuma ya karɓi gyaran.

Kundin ya fito ranar 19 ga Mayu, kwana ɗaya bayan mutuwar amininsa Chris Cornell. A shirin talabijin na Jimmy Kimmel suka ajiye waƙar da suka zo tallatawa, suka rera "One More Light" don tunawa da shi, muryar Chester na rawa. Ranar 20 ga Yuli, ranar haihuwar Cornell, Chester ya kashe kansa. Ban ce masu ihu ne suka jawo ba, kuma duk wanda ya faɗi haka ya yi zalunci, ciwon damuwa ya girmi wannan kundi a jikinsa da shekaru masu yawa. Abin da na gani da idona dai shi ne, waƙar da aka yi wata biyu ana yi wa kundinta tofin Allah tsine ita ce aka koma yaɗawa ana kuka, ana cewa ashe yana gaya mana. Eh, yana gaya muku, kuna can kuna neman ƙarar jita.

A 2024 ƙungiyar ta dawo da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, da kundi mai suna From Zero, jita ta dawo, kururuwa ta dawo. Na ce to madalla, yanzu masu ƙorafi za su huta. Ina! Sai ga su da sabuwa, wai ai wannan ba muryar Chester ba ce.