Dukawan Tamale da Fatar da Ke Ƙarewa a Tukunya

Wanda ya ratsa unguwar Nyanshegu a makon jajibirin Sallah zai rantse cewa sana'ar takalmi tana cikin ƙoshin lafiya a Tamale. Masu ɗinki na duƙe har dare, masu aiki na jiran a sallame su. Amma ɗauki takalmi ɗaya daga cikin waɗanda aka jera, ka juya shi. Sau da yawa samansa fatar roba ce da aka shigo da ita daga Sin, tafinsa an zubo shi ne a inji, gam da zaren nailan da ƙarfen ado duk daga kasuwannin Kumasi aka ɗauko su. Abin da ya rage na Tamale a jikinsa shi ne hannun da ya haɗa. Wannan cikar rumfa ita ce ke ɓoye ciwon, kuma ita ta sa ba a ɗauki maganar da zafi ba.

Ba haka aka faro ba. Dukanci ya shigo arewacin Ghana tare da ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja daga ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa, kuma Salaga ta ƙasar Gwanja na cikin kasuwannin da ke karɓar irin wannan kaya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanen zango suka bazu, da sana'o'insu a hannu. Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar yankunan arewa Tamale a 1907, garin ya fara cika, majema suka kafu a Hausa Zongo inda har yau ake jima. Dagombawa kuwa suna da nasu buƙatun: linzami da kayan doki, kube, layu, da dogon takalmin nan mai ado da suke kira mugri, wanda ake takawa da shi a bikin Damba.

Sarƙa ce mai zobe huɗu: mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya yanka ya ɗinka, yaron shago ya zauna yana kallo har ya iya. Zoben farko ne ya fara tsinkewa.

A Ghana fatar sa abinci ce. Ganda, wadda ake kira wele a nan, ba ta rabuwa da kwanon waakye, wato wake da shinkafa, kuma buƙatarta ta kai har ana shigo da ƙiraga daga waje don tukunya kawai. Mahaucin da ke da fata a hannu yana da masu saye biyu: mai abinci da za ta biya nan take, da majemi wanda kuɗinsa ba zai dawo ba sai fatar ta yi kwanaki cikin ruwa. Ba sai an faɗi wanda zai samu ba. Akuya da tunkiya ma galibi babbaka su ake yi da fatarsu, wani lokaci da tsofaffin tayoyi, abin da hukumomin lafiya suka daɗe suna gargaɗi a kai. Fatun layya, waɗanda su ne kakar majemi a shekara, da yawansu kan zo da yankan wuƙa saboda fiɗar gaggawa, ko su fara ruɓa kafin a zuba musu gishiri. Ban ga laifin mahauci ba, kasuwa yake bi. Laifin na tsarin da ya bar majemi yana takara da mai tuwo a kan kaya ɗaya ne.

Jima kuwa ilimi ce da ba a rubuta ba. A jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta da ganyen gwanda, a tsoma cikin ruwan bagaruwa, a shafe da mai, a ja a miƙar, a rina ja da karan dafi ko baƙi da ruwan tsatsar ƙarfe. Kowane mataki da yatsa ake gane lokacinsa. Fatar da ta wuce lokacinta a toka ta lalace, wadda ba ta sha bagaruwa sosai ba za ta yi wari da damina. Wannan warin da fumfuna su ne abin da masu saye suka fi kuka da shi, kuma malaman fasaha na jami'ar KNUST da ke Kumasi sun yi bincike a kan yadda za a magance su. Sai dai tsakanin ɗakin binciken Kumasi da ramin majemi a Tamale akwai nisan da ya fi na hanyar mota. Yau masu yawon buɗe ido kan je majemar su ɗauki hoto su sayi ɗan fade. Sana'ar da ta koma abin kallo ta riga ta fara ban kwana da masu ita.

Daga ɗaya gefen ga gwanjo. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Accra duk mako, kuma dilolin takalma na biye da su har zuwa Aboabo da babbar kasuwar Tamale. Takalmin Italiya da wani ya ɗan taka a Turai yakan zo da farashin da bai kai kuɗin kayan aikin baduku ba. Sannan a 2022 kuɗin sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Mai ɗinkin da ya bar fatar gida ya koma ta roba don neman sauƙi sai ya tarar ya ɗaura wuyansa a jikin dala: gam ya tashi, tafi ya tashi, mai aiki kuma yana nan a kan tsohon farashi yana cewa, "Haba maigida, ai bara ba haka muka yi ba."

Abin da ake asara ya wuce ado. Takalmin awo yana farawa ne da ƙafar mutum a kan kwali: a zana ta, a auna gadonta da faɗin yatsu da diddige, a lura cewa dama ba ta cika zama daidai da hagu ba. Sannan a ɗinke sama da tafi da basilla, ta yadda in tafin ya cinye za a farke a sake wani. Na gam ba ya karɓar wannan gyara, in ya ɓalle ya tafi bola. Akwai kuma mutanen da kasuwa ba ta san da ƙafarsu ba: wanda shan inna ya gajarta wa ƙafa ɗaya, mai ciwon suga da ɗan ƙurji ke iya kai shi ga yanka, dattijon da ƙafa ke kumbura. Waɗannan ba su da wani wurin zuwa sai gaban wanda ya iya awo.

To wa zai koya? Ɗinkin hannu na cin shekaru kafin ubangida ya yarda ya miƙa wa yaro fata mai tsada ya yanka. Saurayin Nyanshegu na ganin sa'ansa ya hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da safe ya dawo da kuɗi da yamma, wani kuma ya tafi ramin galamse haƙar zinariya. Wanda ya zauna ma, shafa gam da dannawa yake koya cikin 'yan watanni, ya buɗe tasa rumfar. Adadin masu sana'a na iya ƙaruwa alhali sanin na raguwa.

Gwamnati ta taɓa hango sarƙar gaba ɗaya. A zamanin Kwame Nkrumah an gina masana'antar takalma a Kumasi da taimakon Cekosulobakiya, an gina ta nama a Zuarungu kusa da Bolgatanga. Duka biyun sun durƙushe. Da aka tashi farfaɗowa a mulkin John Mahama na farko, ta Kumasi aka tayar don ɗinka wa sojoji da sauran masu kaki takalma, arewa da majemanta ba su shiga lissafin ba. Najeriya, duk da ita ma ganda na cinye mata ƙiraga, tana da cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya da manyan majemu a Challawa da Sharaɗa. Kamfanoni irin su Horseman Shoes, wanda Tonyi Senayah ya kafa a 2010, sun nuna cewa ɗan Ghana zai sayi takalmin gida in ya yi kyau. Mai saye yana nan ke nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fata mai inganci a hannun mai ɗinkin Tamale, kuma gyaran wannan a mayanka yake farawa: fiɗa mai tsabta, gishiri a kan lokaci, da jarin da zai ba majemi damar biyan mahauci a ranar da aka yanka. Dattawan da suka san lokacin tsamo fata daga bagaruwa suna raye a Hausa Zongo, amma kaɗan ne daga cikin 'ya'yansu ke shiga ramin tare da su.