Motar Gudu da Rancen Taki

'Yan'uwa manoma, bayan kakar bara wani saurayi cikin ƙungiyarmu ya kai masararsa duka Funtuwa ya sayar, ya sayo tsohuwar BMW mai silinda 6. Ni ma ya ɗauke ni, kuma gaskiya a kan kwaltar Malumfashi kukan injin nan da daɗi yake. Ban ga laifin mai son mota ba.

Amma fa cikinta kusa da ƙasa yake. Da damina ta sauka, hanyar ƙauyensu ta fasa mata kaskon baƙin mai. Makanikan Kafur ba su da kayanta, sai Ƙofar Ruwa a Kano. Ga fetur ya yi tsada ƙwarai tun da aka janye tallafi a 2023. Yanzu ya zo neman rancen taki. Ni dai na ce kada a ba shi sai ya sayar da ita, gama kuɗin na gwauraye ne da magidanta duka.

Na kuma gaya masa, in gudu yake so, Peugeot 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. A-kori-kurarta kuwa har gona take shiga ta kwaso buhuna.