Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Karrama Makaɗanmu

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano,
Gidan Ɗan Hausa, Kano.

Ranka ya daɗe, masu kishin kiɗan gargajiya a Mainika ne ke miƙo kokensu.

A Amurka ana raba kyautar Grammy tun 1959, kuma daga 2012 akwai rukuni guda da aka keɓe wa gwanin da ya fi iya sarrafa kayan kiɗa shi kaɗai a fannin kiɗan classical. Ƙasar Hausa ba ta rasa irin waɗannan gwanaye ba. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Haruna Uji ya fito da martabar gurmi, Hassan Wayam kuma ta kukuma.

Magadansu kuwa suna raguwa, domin kiɗan kwamfuta ya mamaye bukukuwa.

Roƙonmu shi ne Hukumar ta kafa kyautar shekara-shekara ga masu goge, garaya, gurmi, algaita da sarewa. A fara tantancewa daga ƙananan hukumomi irin su Gwarzo da Kabo, a naɗi kiɗan waɗanda suka yi nasara a adana, a kuma tallafa musu su koyar da yara.

Wassalam.
Masu kishin kiɗan gargajiya, Mainika.