Kar a Yi wa Mai Kuɗin Goro

Akwai wani saƙon murya da ya daɗe yana yawo a wayoyin 'yan uwanmu, daga Kano har Umdurman. Mai maganar ya kira kansa likita, ya kuma rantse cewa mai guba ne: a bar ƙwai, a guji gyaɗa, a yi miya fara fat, domin wai duk abin da ya yi maiƙo jijiyar zuciya yake zuwa ya toshe. Ni a bakin gwaggona na fara jin tasirinsa, bayan ta koma gidanta a kudancin Khartum. Ta ce mini, "Ɗan nan, ai na rage wa yaran nan mai a miya, kunun gyaɗa ma na daina dama musu. An ce kwalastarol ne." Yaran da take nufi jikokinta ne uku, babbansu bai cika shekara shida ba, kuma idan ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki mayar musu da kununsu."

Wannan tsoron mai da ya shiga gidajenmu shawara ce da aka ɗinka wa ƙosasshen mutum mai wuni a kujerar ofis. Ɗaukarta a yafa wa yaro mai tasowa, da mai shayarwa, da wanda ya fito daga shekarun yunwa, cutarwa ce.

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana lulluɓe da wata 'yar fata siririya mai ruɓi biyu, kuma da maiƙo aka yi ta. Ita ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Idan aka cire ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa, kusan rabin abin da ya rage ko fiye maiƙo ne. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa yatsu suna naɗe da rigar kitse, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. Hatta huhu yana da wani maiƙo da ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa idan an fitar da numfashi, kuma ƙarancinsa na cikin abin da ke wahalar da bakwaini a kwanakinsa na farko.

Shi kansa kwalastarol da ake tsine wa, jiki ne ke ƙera mafi yawansa da kansa, musamman a hanta. Da shi ake haɗa ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo a hanji. Daga shi ake samun sinadaran balaga da haihuwa na maza da mata, daga danginsa kuma fata ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta. Bitamin A, D, E da K kuwa ba sa shiga jini sosai sai da rakiyar mai. Uwa za ta iya cika wa ɗanta kwano da zogale da karas, amma idan babu ɗigon mai a ciki, kaso mai yawa na amfanin wucewa zai yi, ga dundumi yana jira. Tun a 1929 George Burr da matarsa Mildred suka nuna a Jami'ar Minnesota cewa ɓerayen da aka hana wa mai gaba ɗaya girmansu na tsayawa, fatarsu ta lalace, saboda akwai nau'o'in maiƙon da jiki ba ya iya haɗawa sai an ci. Man riɗi da man gyaɗa suna ɗauke da ɗaya daga cikinsu da yawa. Kuma kusan rabin ƙarfin da jariri ke samu a nonon uwa daga maiƙo yake. Shin nonon ma guba ne?

Mutanen ƙaramar hukumar Jabal Awliya da ke kudancin Khartum, wadda ta haɗa da Mayo inda Hausawa da dama ke zaune, sun ga amsar da idonsu. Bayan yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, yankin ya shiga ƙunci har masana suka lissafa Mayo cikin wuraren da ke bakin faɗawa matsananciyar yunwa. Sai a ƙarshen Disamban 2024 babban ayarin motocin agaji na farko ya isa. A tsakanin nan jama'a sun rayu ne kan takaya, wato tukwanen unguwa da matasa 'yan sa kai ke ɗorawa, yawanci adas ko ful. Duk wanda ya taɓa ɗora irin wannan tukunya ya san darajar jarkar mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na sitaci ko furotin 4 yake bayarwa. Cokalin cin abinci guda na mai ya kai kalori 120. Cikin yaro ƙarami ne, ba zai ɗauki ruwan kokon da zai ishe shi ba, amma zai ɗauki cokali guda na mai.

Da me ake ceto yaron da tamowa ta kama? Da wata 'yar leda mai giram 92 da kalori 500, wadda iyaye mata a Maraɗi suka sani tun yunwar 2005. Cikinta markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da mai da garin madara da sukari da bitamin, kuma ƙa'idarta ita ce kashi 45 zuwa 60 cikin ɗari na ƙarfinta ya fito daga maiƙo. Da masana'antar Samil mai yin ta a Khartum ta ƙone a Mayun 2023, UNICEF ta bayyana hakan a matsayin babbar asara ga yaran Sudan. Wato abin da asibiti ke rabawa a matsayin magani, shi mai saƙon murya ke cewa a hana yara a gida.

Tsoron man nan daga Amurka ya taso. A shekarun 1950, lokacin da bugun zuciya ke kashe magidanta a can, wani masani mai suna Ancel Keys ya ɗora alhakin a kan kitsen dabbobi, kuma a 1977 wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya shawarci jama'a su rage mai. Kamfanoni suka cire mai daga kayansu suka cike gurbin da sukari da sitaci: an sayar da kare an sayi biri. A 2016 aka fallasa takardun da suka nuna cewa ƙungiyar masu sukari ta biya wasu masanan Jami'ar Harvard kuɗi kan wani nazari na 1967 da ya sassauta wa sukari ya tsananta wa kitse. A 2015 kuma Amurka ta janye tsohuwar ƙa'idarta ta miligiram 300 na kwalastarol a rana. Can sun gyara maganarsu, mu nan muna ta tura wa juna tsohon yayi.

Ba cewa nake a buɗe jarka a kwankwaɗa ba. Akwai gaskiya a maganar Keys. Nau'in kwalastarol da ake kira LDL idan ya yi yawa a jini yana taruwa a bangon jijiya, kuma yawan man shanu da kitsen rago yana ɗaga shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kitse mai daskarewa kar ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, a maye gurbinsa da man tsirrai. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ɗora wa magani da ƙa'idar abinci, ya riƙe su da kyau. Amma ƙa'idar kaka ba ta jika ba ce.

Wanda ke neman man da ya cancanci tsoro, ya je bakin madatsar Jabal Awliya, wadda aka kammala a 1937 a kan Farin Nilu, inda mutanen Khartum suka saba zuwa cin kifi ranar Juma'a. Karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa, abinci ne mai kyau. Sai dai ka leƙa kaskon wasu masu suya: man ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa yana hayaƙi, an soya da shi jiya da shekaranjiya, ƙari kawai ake yi a kai. Zafin da aka maimaita yana ruguza mai ya haifar da sinadarai masu cutarwa. Haka abin yake a kaskon ta'amiyya da zalabiyya, haka a na ƙosai a Kano. Sai kuma man tsirrai da aka daskarar a masana'anta, mai shiga biskit da kek, wanda a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana da hannu a mutuwar mutum fiye da 500,000 a shekara. Ga kofin shayi mai cokali uku na sukari, sau huɗu a yini, alhali hanta na mayar da rarar sukari kitse. Waɗannan ba wanda ke tura saƙo a kansu. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin takaici, mu ne ma'abota gyaɗa. Agashe da ya zama abin marmari a Sudan, da garin ƙuli-ƙulinsa, Hausawa aka sani da shi, kuma dakwar da 'yan Sudan ke kwaɓa salak da ita ko sunanta ya yi kama da dakuwarmu. Ga riɗin Gadarif a kusa. Iyaye mata, ku zaɓi gyaɗa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, ku dama wa yara kunu, ku ɗiga musu ɗanyen man riɗi a ful, ku ba su ƙwai idan ya samu. Man da ya yi baƙi a kasko kuwa ku zubar. Kafin kuma ku tura wa wata saƙon nan, ku tambayi ma'aikaciyar lafiyar da ke auna damtsen yara a asibitin unguwarku.