Abin da ke hana imel ɗin wasu kamfanoni isa

Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar imel, Microsoft ma ya bi sahu a Mayun 2025. A Gmail, dole duk mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM. Mai tura saƙo 5,000 a rana kuwa sai ya haɗa biyun da DMARC.

Dukansu layuka ne da ake rubutawa a rajistar DNS ta sunan kamfani. SPF na lissafa na'urorin da aka yarje wa aikawa da sunan, DKIM sa hannu ne na lantarki, DMARC kuma na faɗa wa mai karɓa yadda zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin.

Kamfanin da ya sayi suna mai .ne ko .td ko .cm bai saita su ba, takardar neman biyansa na iya faɗawa cikin tarkacen saƙonni, 'yan damfara kuma su samu sauƙin aika wasiƙa da sunansa. Saitin bai buƙatar sabuwar na'ura. Yana buƙatar ma'aikacin da ya iya, da kalmar sirrin rajistar, wadda sau da yawa take hannun wanda ya gina wa kamfanin shafi ya yi gaba.