Ƙarfen Sabis Ɗaya, Maƙera Da Yawa: Darasi Daga Japan

Kowannenmu ya saba ganin ƙarfen sabis a bakin hanya, amma kaɗan ne suka san abin da ke ɗaure a jikinsa. A sama akwai eriya da akwatin rediyo mai aika saƙo da karɓarsa. A ƙasa, ko a wani ɗaki mai nisa, akwai na'urar da ke matsayin ƙwaƙwalwa, ita ke tsara wa zai yi magana da kuma yaushe. Shekara da shekaru, in kamfanin waya ya sayi ta sama a wajen Ericsson ko Huawei ko Nokia, to dole ya koma can ya sayi ta ƙasa, domin kowane maƙeri yana da nasa sirri a yaren da na'urorinsa ke yi da juna.

Matsalar ta fi fitowa fili idan ana son haɗa zango. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango; haka wayar salula ma take da zangunan da hukuma ke sayar wa kamfanoni. Kamfani kan mallaki yanki a nan, wani yanki a can. In aka haɗa su wayarka ta riƙa amfani da su lokaci guda, sai ya zama kamar an haɗa bututun ruwa biyu a randa ɗaya. Sai dai aikin yana buƙatar daidaiton lokaci mai tsanani, don haka aka daɗe ana ganin ba zai yiwu ba sai da kayan maƙeri ɗaya.

Kamfanin NTT Docomo na Japan bai yarda da wannan ba. A 2018 ya haɗu da AT&T da China Mobile da Deutsche Telekom da Orange suka kafa ƙungiyar O-RAN, wadda aikinta shi ne rubuta buɗaɗɗiyar ƙa'idar da kowace na'ura za ta bi. Abin lura shi ne, dukansu masu sayen kaya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2019 Docomo ya fara gwajin 5G da kayan Fujitsu da NEC da Nokia a haɗe, ya buɗe wa jama'a a watan Maris na 2020. Kafin shekarar ta ƙare, shi da Fujitsu da NEC suka sanar da cewa sun haɗa zangon gigahaz 3.7 da na 4.5 a kan na'urorin maƙera daban-daban.

Wannan nasara tana da tsada. A da, in sabis ya lalace, maƙeri ɗaya ake kira. Yanzu kuwa nauyin gano inda laifi yake ya koma kan mai saye. Docomo ya iya ɗaukar wannan nauyi ne saboda yana da cibiyar bincike a Yokosuka da injiniyoyin da suka daɗe suna gwada kaya da hannunsu. Ƙa'ida a takarda ba ta isa ba sai da mutanen da za su zauna su gwada ta har ta yi aiki.

Mu dawo gida. A watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, daga baya Airtel ya shigo. Zangon da aka saya da irin wannan kuɗi bai kamata a bar ko ɗigonsa a zaune ba, kuma haɗa shi da tsofaffin zangunan 4G na daga cikin hanyoyin cin moriyarsa. Kayan da ke kan ƙarafunanmu kuwa daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu. Kamfanin da ya ɗaure kansa da maƙeri ɗaya ba shi da bakin ciniki, kuma tsadar kaya na cikin dalilan da ke sa a bar ƙauyuka ba sabis. Birtaniya ta ɗanɗana illar ɗaure kai da maƙeri lokacin da ta ba da umarni a 2020 a cire kayan Huawei daga 5G ɗinta kafin ƙarshen 2027.

Mun ma taɓa ganin amfanin irin wannan tsari na buɗaɗɗiyar ƙa'ida. Yau mai shago a Kantin Kwari yana karɓar kuɗi daga kowane banki cikin ɗan lokaci, saboda bankuna suna bin layi ɗaya. Tun 2013 mutum na iya canza kamfanin waya ya riƙe lambarsa. Duka biyun sun samu ne bayan an shimfiɗa ƙa'ida an sa kowa ya bi ta.

Abin da ya rage shi ne mutane. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, muna da cibiyar Digital Bridge da ke da reshe a Kano. Kirana ga hukuma da kamfanonin waya shi ne su kafa ɗakin gwaji a irin waɗannan wurare, inda ɗalibanmu za su haɗa kayan maƙera daban-daban su ga yadda suke aiki. Ƙasar da ba ta ƙera na'ura tukuna tana iya horar da masu tantance ta, kuma daga nan ya kamata mu fara.